Gwangwanayen Fibi da Katangar Bappa Bobboyi

Idan ka shigo Luggere a Jimeta ka ji ƙara kamar ƙarafa na dambe, to ka kusa wurin Fibi mai injin niƙa. Maƙwabciyata ce, ƙofarmu na kallon juna, kuma duk unguwar babu wanda ya kai ni sanin halinta, domin kullum sai mun yi cacar baki kafin ta markaɗa mini waken ƙosai. Ni ce Zulaihatu. Idan Fibi na neman aron wani abu a wurina Adda take ce mini, wato yaya, da zarar abin ya shiga hannunta kuma sai in koma "mai surutu".

Gajeriya ce, mai kaurin damtse, kullum cikin wata tsohuwar rigar maza da man inji ya rine, ga sufana soke a ƙugu kamar wuƙar mahauci. Ranar Lahadi idan ta ci ado za ta coci sai ka rantse wata ce daban, har sai ta ɗaga maka hannu ka ga baƙin farce. Na sha ce mata ta bari in ƙunsa mata lalle ko ya rufe mata asiri. Ta ce lallenta ya fi nawa daɗewa.

'Yar Michika ce. Injin na mijinta ne, Apollos. Shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga garinsu, ya ce ta yi gaba da 'yan matansu biyu, Keziya da ƙanwarta, zai kulle shago ya biyo su. Bai biyo su ba. Ta yi Mubi, Mubi ma ta watse, ta bi daji da ƙafa har Allah ya kawo ta sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Iyakar abin da na samu daga bakinta ke nan, shi ma a guntu-guntu, muna tsintar wake. Idan ka matsa da tambaya sai ta tashi ta tayar da inji, ka yi ta magana kai kaɗai.

Zaman Malkohi bai karɓe ta ba. Ta ce bin layin abinci da kwano ya sa hannunta ya fara mantuwa da aiki. Da sojoji suka buɗe hanya, mutane suka riƙa komawa su kwaso abin da ya rage, wani ya dawo da katifa, wata da tukwane. Fibi kuwa da inji ta dawo. Ta tarar an ƙone shagon, amma injin ya fi ƙarfin masu kwasa, yana nan zaune cikin toka. Ta ɗora shi a motar hatsi ta hau kansa ta zauna har Jimeta. Ranar na fara ganinta, baƙa ƙirin daga kai har ƙafa. Na ce, "Baiwar Allah, gawayi kike sayarwa?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma baki kike sayarwa?"

Daga nan muka ƙulla.

Wanda ya ba ta wuri shi ne Bappa Bobboyi, dattijon da gidansa ke jikin nawa, ɗan asalin cikin Yola, mai shagon yadi a kasuwar Jimeta. A lokacin gudun nan ya cika zaurensa da baƙi bai tambayi kowa masallaci yake zuwa ko coci ba. Ya nuna wa Fibi filin da ke jikin katangarsa ta waje ya ce ta kafa. Aka zuba siminti aka ɗaure injin a gefe ɗaya, kan niƙa a ɗaya gefen, bel ya haɗa su. Ɗanburam kafinta ya yi mata rumfa irin yadda muke yi a nan: ginshiƙi biyu a gaba, katakon baya kuma a huda saman katangar maƙwabci a soka. Wa zai sayi ginshiƙi huɗu alhali ga katanga tsaye ba ta aikin komai? Jingina rumfa a katangar mutum ma ai alamar zaman lafiya ce. Da ya ga mazubin hatsi na lilo, sai ya samo rodi ya ɗaure shi da ginshiƙin rumfar. Kowa ya yaba masa.

Fibi da kanta ta tayar da injin nan daga mutuwa. Tana da wata dabara da ta gani wurin Apollos. Gwangwanin tumatir take cikawa da ruwa ta ɗora a kan boris, wato inda sandar injin ke juyawa. Idan ruwan ya yi zobe-zobe ƙanana ya tsaya a haka, lafiya lau. Idan ya fara tsalle, boris ya kusa cinyewa, sai ta canza tun bai ja mata wata ɓarnar ba. Na ce mata bokanci ne. Ta ce eh, in kawo mijina ta duba mini shi.

Ana nan sai bam ya tashi a kasuwar Jimeta. Bappa Bobboyi yana kusa. Allah ya tsare ransa, amma kunnuwansa suka tafi, sai ka kafa baki a na hagu ka yi ihu kafin ya tsinci kalma. Abin da ba mu sani ba, jikinsa ne ya koma kunne. Ƙarar inji ba ya jin ta ko kaɗan, amma da Fibi ta zuba masara sai ya ji abin a gadonsa, a bangon da yake jingina, har cikin ƙirjinsa. Sai dattijon nan mai kamala ya zabura ya fito titi ba takalmi ba hula, yana waige-waige yana neman inda aka mutu. Matarsa Goggo Nahla ta ce kwanukan kabet ɗinta har hira suke yi da juna, ga kuma tsaga ta fito a bangon ɗakinsa.

Shi kunya ta hana shi korar wadda ya saukar. Goggo Nahla ce ta kai maganar gaban Jauro, mai unguwarmu.

Kafin Jauro ya zo, babu masanin da bai fito ba a Luggere. Kowa ya iso sai ya dafa injin, tunda shi ne mai ihu, ya ce ga mai laifi. Aka ce a sa masa tsohuwar taya a ƙarƙashi, Fibi ta sa. Aka ce a haƙa rami tsakaninsa da katanga a cika da yashin Binuwai, ta haƙa. Wani ya ce salansa ce, ta canza. Bappa bai daina fitowa titi ba.

Jauro ya zo da hantsi, jama'a na biye. Ya ce ya ji labarin gwangwanin Fibi, da shi zai yi shari'a: in katanga na rawa ruwa zai faɗa, inji ya tashi daga wurin, in ba ta rawa, magana ta mutu. Da hannunsa ya cika gwangwanin ya ajiye a gindin katanga. Fibi ta wana inji, ta zuba masara. Muka yi cirko-cirko muna kallon ruwa. Ko motsi bai yi ba, har fuskar Jauro ana gani a ciki.

Jauro ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "To kun gani. Katanga lafiyarta ƙalau. Abin a zuciyar Bappa yake, a nema masa magani."

Wani ya sunkuya ya faɗa wa Bappa a kunne. Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa har na gyara murya zan rangaɗa guɗa, domin in injin nan ya tashi sai na yi Jambutu da bokitin wake a ka kowace safiya. Sai na ji inji ya mutu.

Fibi ta ce, "Baba Jauro, wurin nan da ka ajiye shi bai san komai ba."

Na harare ta, na yi mata tari, na taka mata ƙafa. Ta ture ni. Ta jawo durom ta hau, ta ɗora gwangwanin a can saman katanga, ta sauko ta sake tayar da inji. Tana zuba masara ruwan ya fara tafasa ba wuta, yana fantsama, gwangwanin ya yi ta tafiya da gindinsa har ya faɗo gaban Jauro ya jiƙa masa takalmi.

Ba a yi wa mai unguwa haka a gaban mutane. Fuskarsa ta ɗaure. Ya ce, "Madalla. Ke kika yanke wa kanki. Zan dawo ranar Juma'a. In ruwa ya motsa a saman nan, ki nemi mota."

Da aka watse na bi ta har cikin rumfa. Na ce, "Ke Fibi, a Michika haka ake yi? A ba ki gaskiya ki ce ba kya so? Ko hayaƙin inji ne ya hau miki kai?"

Ta ce, "Adda, gaskiyar wa aka ba ni? Mutumin nan ya ba ni ƙasa lokacin da ba ni da ko tabarma. In zauna ina niƙa, yara na nuna shi a titi suna cewa ya taɓu?"

"To ki shirya kaya."

"Ba inda za ni. An kore ni sau ɗaya da bindiga, ban samu wanda zan yi wa gardama ba. Wannan karon akwai. Kawo mini gwangwanayen gidanki."

Gida-gida ta bi tana karɓar gwangwanin tumatir, har mata suka fara cewa Fibi ta koma sana'ar gwangwan. Ta wanke su ta jera, ni kuma ta naɗa ni 'yar kallo ba tare da ta tambaye ni ba. Aikina in shiga ɗakin Goggo Nahla in tsaya gaban gwangwanin da aka ɗora a saman kabet, in ya motsa in ƙwala ihu. Goggo na zaune tana harara ta kamar ni na haifi injin.

Da farko Fibi ta cire bel ta tayar da injin shi kaɗai. Ya yi ta ihunsa, ƙasa na ɗan motsi a kusa da shi, amma ruwan kabet na kwance. Ta mayar da bel, kan niƙa na juyawa ba komai a ciki, ruwan ya ɗan yi zobe kaɗan. Ta zuba busasshiyar masara, injin ya ja nauyi, muryarsa ta yi ƙasa. Nan take kwanukan Goggo suka fara tafi. Na yi ihu har maƙogwarona ya yi zafi.

Ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Kin gani? Shi kaɗai ba ya yi. Sai sun haɗu, kuma sai sun ɗauki kaya. Duk mun tsaya muna zagin mai ƙara."

Na ce, "Haka ake yi mini a unguwar nan."

Sai ta shiga bin sawun girgizar. Ta jera gwangwanaye a kan simintin, a bakin ramin yashi, a kan mazubi, ta rataya wasu a jikin ginshiƙi da ƙusa, ta hau durom ta jera wasu a kan katakon rumfa. A nan abin ya so ya rikita ta. Na bakin rami shiru. Na gindin ginshiƙi shiru. A kan katako ɗaya kuma, wannan gwangwani na tsalle, na kusa da shi na barci, na gaba kuma na tsalle. Ta zauna a kan buhu ta daɗe tana kallonsu, har na ce ko in kawo mata turare ta yi musu hayaƙi.

Ta tashi ta ɗauki mai barcin ta matsar da shi kamar tafin hannu. Ya farka. Ta mayar da shi, ya koma barci. Ta yi dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba.

Ta ce, "Adda, abin nan yana da wurin ɓuya. Kin ga igiyar shanya in iska na kaɗa ta? Tsakiya na lilo, wurin ƙulli na tsaye, amma igiya ɗaya ce. Gindin katanga ƙulli ne. Jauro ya je ya tambayi ƙulli."

Daga nan ta daina yarda da duk gwangwanin da ya yi shiru sai ta matsar da shi ta sake gwadawa. A haka hanyar ta fito fili. Ba ta ƙasa girgizar ke bi ba, duk yashin da muka ɗebo a banza. Daga kan niƙa take hawa rodin Ɗanburam, ta shiga ginshiƙi, ta haye katakon rumfa, katako ya kai ta saman katanga, katanga kuma ita ce bangon ɗakin Bappa. Fibi ta kwance rodin. Abin ya ragu, amma bai mutu ba, don ginshiƙan ma a cikin simintin injin aka dasa su. Magani ɗaya ya rage, a raba rumfa da katanga.

Ɗanburam ya ce ba da hannunsa ba. Ya ce, "Maman Keziya, in na zare katakon nan rumfa ƙasa za ta zo, ga shi muna tsakiyar zafi. Kuma kin san ba a zare katako daga katangar mutum sai an ɓata. Me za a ce?"

Gaskiya ya faɗa. A wurinmu in ka ga an cire rumfa daga jikin katangar maƙwabci, ba sai ka tambaya ba, an yi baram-baram. Goggo Nahla na jin labari ta fito ƙofa tana cewa, "Wato don na kai ƙara shi ne za ta nuna wa duniya ta raba gari da mu? Bayan duk abin da aka yi mata?"

Fibi ta ratsa ta gefenta. Ta wuce wurin Bappa yana zaune a zaure, ta durƙusa ta kafa baki a kunnensa na hagu ta ce da iyakar ƙarfinta, "Bappa! Zan raba rumfata da katangarka!"

Har masu shayi a bakin titi sun ji. Kafin la'asar labari ya kai Doubeli cewa Fibi ta zagi Bappa Bobboyi a cikin zaurensa. Wasu suka ce dama haka baƙin nan suke, ka ba su inuwa su raina ka. Na tsaya a ƙofata na ba kowa amsarsa daidai da tsawon bakinsa, kuma kun san ba a bi na bashin magana. Bappa dai ya dube ta kawai ya ce, "Katangar ta yi miki laifi ne?"

Ta sake yin ihu, "Ni na yi mata!"

Ranar Alhamis ta ari zarton Ɗanburam, shi yana tsaye nesa ya juya baya wai kada a ce da shi aka yi. Ta cire kwanon rufin ɗaya bayan ɗaya, ta hau durom ta yanke katakon daga jikin katanga, ta tumɓuke ginshiƙan. Injin ya fito tsirara a rana. Ta kwaɓa siminti ta toshe ramukan saman katangar ta shafe su sumul.

Juma'a da hantsi Jauro ya dawo, jama'a sun fi na farko, don an zo kallon faɗa. Ya miƙa hannu zai karɓi gwangwani, Fibi ta ce, "Baba Jauro, ka yi haƙuri, ni zan ajiye. Inda ya fi mugunta zan sa." Ta ɗora ɗaya a saman katanga daidai inda na farko ya faɗo, ɗaya a tsakiyar katangar inda ta fi lilo, ɗaya a kan kabet ɗin Goggo. Sannan ta roƙi a ce wa Bappa ya shiga ɗaki ya zauna a gado ya jingina da bangon. Ta ce shi ne babban gwangwani. Na ce saura ta cika shi da ruwa. Jauro ya ce in rufe baki.

Ta wana inji, ta cika mazubi da busasshiyar masara, wadda ta fi kowace tauri. Jauro ya hau durom da kansa, riƙe da gefen babbar riga, ya kafa wa ruwan ido. Ni ina ɗaki wurin kabet, Goggo na gefena ta riƙe ƙugu. Kwano ko ɗaya bai ce uffan ba. Buhu ya yi rabi. Fibi ta ƙara zubawa.

Can sai ga Bappa ya fito daga ɗaki a fusace, da hularsa da takalminsa, yana faɗa da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa: "Wai sai yaushe za a tayar da abin nan ne? Kun zaunar da ni kamar amarya, ni ina da masallaci!"

Ya zagayo waje, ina biye da shi, ya ga bel na gudu, gari na zuba a ƙwarya. Ya tsaya cak. Ya koma ya dafa katangarsa da tafin hannu, ya daɗe a haka. Sannan ya tako a hankali har gaban injin, ya miƙa hannu ya dafa shi. Na ga kafaɗarsa ta zabura, amma bai janye ba.

Jauro ya sauko daga durom ya ce, "Inji ya zauna."

Wannan karon na yi guɗata, har da ta ranar farko da aka hana ni.

Bappa ya dubi Fibi tana tsaye cikin rana, gumi na wanke garin da ke fuskarta. Ya ce, "'Yata, ranar garin nan za ta kashe ki. Ki mayar da rumfarki, na yafe, zan jure."

Ta kafa baki a kunnensa ta ce, "Ba ta kashe ni a hanyar Mubi ba! Kai kuma ka gama jurewa!"

Haka ta ƙarasa zafin shekarar nan, da jiƙaƙƙen zane a ka, tana niƙa a tsakiyar rana. Mu masu kawo markaɗe muna raɓe a inuwar katanga muna zaginta, ita tana rama wa kowa. Goggo Nahla ta yi kwanaki ba ta gaishe ta ba, sai wata rana aka ga ta aiko mata da kunun tsamiya mai sanyi, ba saƙo ba komai. Kafin ruwan farko ya sauka Ɗanburam ya kafa sabuwar rumfa mai ginshiƙi huɗu, kowanne a raminsa nesa da simintin injin, Fibi na tsaye a kansa da sufana. Ya so ya ɗan jingina katako ɗaya, wai don iska. Ta ce in ya jingina, shi za ta dasa a wurin.

Yau shekaru sun ja. Keziya ta yi aure a Vinikilang, ƙanwarta na karatun jinya. Bappa ya tsufa sosai, da rana a ɗakin nan yake barcinsa inji na aiki. Man inji ya yi tsadar da masu niƙa da yawa suka rufe, Fibi ba ta rufe ba, sai dai ta ƙara faɗa. Kwanakin baya ƙaninta ya zo daga Michika ya ce gari ya zauna, ta tattara ta koma gida, zai kawo motar da za ta ɗauki injin. Ina zaune a wurin da bokitina.

Ta ce masa, "Zan zo Kirsimeti in ci naman akuyarka in dawo. Injin nan kuwa ya hau mota ta ƙarshe."

Ya juyo wurina wai in sa baki. Na ce ni tun asuba nake layi, in yana son in taya shi magana ya fara sa yayarsa ta markaɗa mini wake.